Kyari Mai Ɗinkin Agara

Ni mahauci ne, sunana Mudi, kuma na yi shekaru rumfata tana jingine da ta Kyari a kasuwar Gashua. Saboda haka idan na ce mutumin wofi ne, ba ji na yi ba, gani na yi. Ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan Musulmi. An ce a riƙa faɗin alherin mamaci, to na duba na sake dubawa, abin da na samo shi ne yana da tsabtar riga. Bayan wannan sai dai in ba ku labarinsa yadda yake.

Bari in fara da agara, tun da da sunanta ya ci abinci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga inda muke soka ƙugiya mu rataye dabba. Wata jijiya ce mai kauri a bayan ƙafa, ta sauko daga tsoka ta manne da ƙashin dunduniya. Tana ɗaukar nauyin bijimin sa guda ba ta tsinke ba. Amma ranar da ta rabu da wannan ƙashi, ƙafar ta zama tsumma, sai dabba ta riƙa jan ta a ƙasa. A wurinmu maganin wannan wuƙa ne. Kyari ya ce shi yana mayar da ita mazauninta.

A Katuzu aka haife shi. Ubansa Madu baduku ne mai rufe ganguna, mutumin kirki mai hannu, har daga Jakusko ake kawo masa aiki. Yakan jiƙa ɗanyar fata har ta yi laushi, ya yanko tsirkiya siririya, ya huhhuda bakin fatar gangar da basilla, ya ɗaure tun tsirkiyar tana jiƙe, sannan ya kai rana. Tana bushewa tana ja, kafin la'asar ta ɗame ƙam, ko da haƙori ba ka kwance ta. Sai dai albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kyari ya tashi a gindin wannan sana'a bai iya yankan fata a miƙe ba, bai iya jimar fata ba, zaman wuri ɗaya ma ciwo ne a wurinsa. Abu ɗaya ya shiga kansa ya zauna daram, wato ɗanyar fata in ta bushe tana kamawa. Da wannan guzurin ya shiga duniya, kuma har ya bar ta bai ƙara komai a kai ba.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Nguru, samari suka yi ta kwarara can kamar ana rabon aljanna. Kyari ya bi su. Ya gwada dakon gyaɗa, ya ce bayansa ba na buhu ba ne. Ya gwada shanyar fatu a wani kanti, ya ce wari yana sa masa ciwon kai, shi da aka haifa cikin jima. Daga ƙarshe ya samu shara da ɗebo ruwa a masaukin wani Baturen dabbobi da yake zuwa rangadi yana yi wa shanu allura. A nan ne ya ga rabin abin da ya gina rayuwarsa a kai.

Akwai wani akawun tashar jirgi, mutumin kudu, Kirista, sunansa Jerome. Matarsa Perpetua tana da wani ɗan kare mai gashi da take ji da shi kamar ɗan cikinta. Wata rana ana sauke kwanon rufi daga tarago, ɗaya ya zame ya sari karen a ƙafar baya, ya raba agarar da ƙashi. Matar ta yi ta kuka har Jerome ya ɗauki karen ya kai wa Baturen. Shi kuwa, ko don tausayi ko don zaman banza ya ishe shi, ya ce a shimfiɗa shi a tebur. Aka ba Kyari tasar ruwan zafi ya riƙe.

Abin da ya faru a teburin nan daga bakin Jerome na ji shi, shekaru bayan komai ya wuce, lokacin da ya bar aikin jirgi ya zo Gashua yana sayen fatu. Ya ce Baturen ya shaƙa wa karen magani a tsumma har ya yi barci. Ya tsaga fatar, ya lalubo bakin agarar da ta gudu sama, ya saƙa wani zaren siliki dafaffe a cikinta kamar mai kitso, don kada ya zame. Sannan ya ɗauko wani ɗan abin huji mai kama da na kafinta ya ɗora a ƙashin dunduniyar. Ƙarfen yana fara cin ƙashi, ƙurrr, sai aka ji tim. Kyari ne a ƙasa sumamme, tasa ta yi gabas, ruwa ya yi yamma.

Aka ja shi da ƙafa zuwa inuwa, daga can aka kai shi gida. Bai ga an zura zaren ta hujin an jawo agarar ta zauna a kan ƙashi ba. Bai ga an ɗinke fata an rufe komai a ciki ba. Babban abin kuma, bai ga an miƙe ƙafar an naɗe ta da farin filasta mai daskarewa ba, yadda karen ba shi da ikon lanƙwasa ta har tsawon makonni. Jerome ya ce Baturen ya gaya masa zaren riƙon ƙwarya kawai yake yi, rashin motsin ne ke sa jijiya ta kama ƙashi. Washegari aka sallami Kyari daga aiki. Da ya sake ganin karen, an daɗe da cire filastar, yana ta tsalle a tasha. Ya ga farko, ya ga ƙarshe, tsakiyar kuwa yana kwance ana yi masa fifita. Ko sau ɗaya bai je ya tambaya ba, don tambaya tana nufin a tuna masa da suman.

Mutum mai kunya da ya bar maganar nan a Nguru. Kyari kuwa ya cike giɓin da ilmin ganga. Lokacin yaƙin Turawa, ana tsadar gishiri da tufafi, sai ga shi a Gashua da farar riga mai maɓallai, da basilla, da wata babbar ƙusa da ya wasa, da ƙunshin ɗanyar fata. Ya kafa rumfa jikin tawa, don a wurina zai riƙa samun ƙafafun awaki. Ya kuma taho da kalma ɗaya ta Turanci, orait, yana yayyafa ta a kowace magana kamar barkono.

Ranar kasuwa yakan shimfiɗa tabarma, ya ɗauki ƙafar akuyar da na yanka da safe, ya datse agarar a gaban jama'a, ya nuna musu yadda ƙafar ke reto. Sai ya huda ƙashin da ƙusa, ya soka jiƙaƙƙiyar tsirkiya a agarar, ya zura ta hujin, ya ƙulla, ya rataye a rana. Kafin azahar ya riga ya cika kasuwa da labarin shi da Bature, yadda wai Baturen ya kasa, ya juyo ya ce masa, Kyari, zo ka taimake ni. Da la'asar ya sauko da ƙafar ya miƙa wa mutane, kowa ya ja da ƙarfinsa. Ba ta motsi. Ina za ta motsa, fata ta sha rana? Sai ka ji ana salati. A kan matacciyar ƙafa, aikin Kyari bai taɓa ɓaci ba ko sau ɗaya.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye su, in dai abu yana da farar riga to magani ne. Aka fara kawo masa awakin da lauje ya sara a gonakin fadama, don lokacin masu shinkafa ba sa wasa da dabbar da ta shiga musu shuka. Ya ce ɗinkinsa hawa-hawa ne. Akwai na talaka, ya kamo agarar ya ɗinke ta jikin fata. Akwai na mai hali, ya kewaya ƙashin da tsirkiya kamar zobe ya ƙulla. Sai kuma hudar ƙashi, wadda yake kira ta Bature, ya ce ita ba kowace dabba ce ta isa a yi mata ba. Gaskiyar magana tsoro yake ji, bai taɓa ɗora ƙusarsa a kan ƙashi mai rai ba.

Awakin da ya ɗinka kusan duk ni na ƙarasa su. Kafin kasuwa ta zagayo sai ga mai akuya ya dawo da ita a kafaɗa, ƙafa ta kumbura, yana roƙo in yanka kafin ta zama mushe. Kyari yana zaune yana kallo, ko gezau. Sai ya ce wannan mai ita ne ya bar ta ta shiga raɓa. Waccan bakin mutane ne. Wata kuma ai na talaka aka zaɓa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma masu awakin ba sa dogon fushi, tun da ko ba komai sun tsira da nama.

Kare kuwa ba a tsira da namansa. A nan ne Baba Ya'u ya shigo labarin.

Baba Ya'u mutumin Bade ne daga Dagona, manomin shinkafa, kuma maharbi a zamanin ƙuruciyarsa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza ba wanda ya rayu, sai 'ya ɗaya, Zainabu, tana aure a Jakusko. Yanar ido ta fara rufe masa idanu, yana ganin rana da inuwa amma ba ya gane fuska sai an yi magana. Mijin Zainabu ya yi ta aike a ce ya taho ya zauna wurinsu. Baba Ya'u ya ce ko da yunwa za ta kashe shi, ba zai zauna gidan suruki ana miƙo masa ƙwarya ba. Duk wanda ya san mutanen nan ya san ba fankama yake ba. Namijin da ya aurar da 'ya ya bi ta gidan miji cin tuwo, a wurinsu an binne shi tun yana numfashi.

Abin da ya tsaya tsakaninsa da wannan ƙwarya kare ne, wani baƙi mai dogayen ƙafafu, sunansa Duna. Shi ke shiga gaba ya nuna masa tudu cikin fadama, shi ke kora masa gadu daga gona in shinkafa ta fara nuna. Muddin Duna yana tsaye, Baba Ya'u yana da rumbunsa, yana cin guminsa. Na san su tun kafin abin ya faru, don yakan kawo mini busasshen kifi mu yi musaya da kayan ciki. Yakan zauna a gefen rumfata ya ci ɗan abin da ya samu, kuma lomarsa ta farko ba tasa ba ce. Sai ya gutsuro ya sauke hannu gefen gwiwarsa ba tare da ya duba ba, Duna ya karɓa.

A wata kaka, shinkafa ta fitar da kai, wani ƙaton gadu ya juyo kan Duna ya zabge shi da haure a ƙafar baya. Baba Ya'u ya shafa ya ji abin da ya faru, don maharbi ya san agara. Ya saɓa karen a wuya, ya bi ayarin masu kifi har Gashua, ya sauke shi a bayan rumfata. Yana haki ya ce, "Mudi, ina mutumin nan da aka ce ya yi aiki da Bature?"

Na ce, "Baba, ka bar mutumin nan. A wanke ciwon, a ɗaura masa karan ɗori, a bar wa Allah. Zai gurgunce, amma kare mai ƙafa uku yana haushi, kuma yana nuna hanya."

Ya girgiza kai ya ce, "Haushi ba ya korar gadu, ɗana. Sai ya kewaya shi, ya ciza, ya kauce. Mai ƙafa uku karon farko za a farke masa ciki. Huɗu nake so."

Kyari yana jin mu ta cikin zana. Sai ga shi yana gyara maɓallai, yana gaisuwa da Barbarci. "Wushe, wushe, Baba. Kada ka saurari mahauci, su ba su san komai ba sai yanka. Kawo hannunka." Ya ɗauko ƙafar akuyar da ya ɗinka a makon da ya wuce, ya danƙa wa tsohon. "Ja da ƙarfinka."

Baba Ya'u ya bi ta da yatsu tun daga sama har ƙasa. Ya taɓa hujin, ya taɓa ƙullin, ya ja, ya sake ja. Na ga fuskarsa ta saki. Mutumin da idanunsa suka tafi, yatsunsa ne shaidunsa, kuma yatsun sun gaya masa abin ya kama.

Na ce, "Baba, tambaye shi awakin da ya ɗinka, ina suke?"

Kyari ya ce, "Waɗancan na talaka ne da na zobe. Wannan kare hudar ƙashi zan yi masa, ta Bature. Kafin ka kai lauje gona yana gudu. Orait?"

Baba Ya'u ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam Kyari." Malam fa! Mutumin da ko tasa bai iya riƙewa ba.

Da hantsi aka yi aikin, gindin wata tsamiya a bayan kasuwa. Ni ban sa hannu ba, don mahaucin da aka ga ya riƙe kare ya gama sayar da nama a garin. Wani ɗan dako, Ajimi, shi ya danne ƙugun. Baba Ya'u ya ɗaure bakin Duna da igiya da hannunsa, ya ɗora kan a cinyarsa, yana yi masa magana da Badanci a hankali. Maganin barci kuwa babu, Kyari ya ce wannan na karnukan Turawa ne masu raki. Ya naɗe hannun rigarsa, ya tsaya can nesa da bakin karen kada yawu ya taɓa shi, wai shi mai tsarki.

Ya daɗe yana tono da basilla kafin ya kamo bakin agarar. Bai saƙa komai ba, huji ɗaya ya yi mata ya zura tsirkiya, kamar mai rataye tsire. Sannan ya ɗora ƙusa a ƙashin ya fara murzawa. Duna ya yi wani kuka ta hanci wanda har yau ban manta ba. Na dubi Kyari, fuskarsa ta koma kamar toka, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Sai ya kau da kai. Wallahi da idona na gani, ya juya fuskarsa wajen kogi, ya ci gaba da murza ƙusa a ƙashin dabba mai rai ba ya kallon abin da yake yi. Da ta ɓulla, ya zura tsirkiyar, ya ja, ya fito da bakinta waje ya ƙulla a kan fata.

Ya miƙe yana layi ya ce, "Orait."

Baba Ya'u ya shafa ƙafar ya ce, "Malam, da sanyi-sanyi take, kuma tana motsi. Ba za a sa kara ba?"

Kyari ya yi dariyar da ya tattaro da ƙyar. "Baba, ka taɓa ganin an yi wa ganga karan ɗori? Yanzu jiƙe take. Kai shi rana, ka ɗaure shi inda ba inuwa. Kuma ka rage masa ruwan sha, don cikin ma ya bushe. Tana bushewa za ta kama da kanta."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ba a wuyan mai shi yake zama ba. Jikin mai rai ba ganga ba ne, ruwa ne da jini, ɗanyar fata a cikinsa ba ta bushewa har abada, sai dai ta narke ta ruɓe. Na faɗa, Ajimi ma ya faɗa. Baba Ya'u ya ce ya riga ya ba mutum amana, ba zai bi rabin maganarsa ya bar rabi ba, kada a ce shi ya ɓata.

Ya kafa turke a filin bayan mahauta ya ɗaure Duna a tsakiyar rana. Shi ma bai shiga inuwa ba. Ya ce ba zai iya zama cikin sanyi yana jin hakin karen ba, sai ya zauna kusa da shi ya lulluɓe kai da tsumma. Kowa ya san ranar Gashua bayan ɗaukewar ruwa. Ina yanka ina hango su, tsoho da kare, ana gasa su saboda wani ragon banza ya suma a Nguru. Raina ya yi ta ɓaci har na fara yi wa masu sayen nama tsawa ba laifinsu.

Ƙullin da ke waje ya bushe, ya ja, ya nutse cikin fata ya yanka ta. Wanda ke ciki ya yi laushi ya saki. Duna kuma duk motsin da ya yi sai ya fizgi agarar, tun da ba abin da ya hana ƙafar lanƙwasawa. Baba Ya'u ne ya fara jin warin, hancin maharbi gare shi. Ya lallaɓo rumfar Kyari ya ce, "Malam, ƙafar tana ruwa, kuma ta sauya wari." Kyari ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Rana ce ba ta ishe shi ba. Ko dai kana ba shi ruwa a ɓoye?" Tsohon ya rantse bai ba shi ba sai abin jiƙa harshe, ya koma ya zauna.

Da kumburin ya haura cinya, Baba Ya'u ya kwance shi da kansa, ya kai shi inuwar tsamiya, ya ajiye masa ƙwarya cike da ruwa. Duna ya sa baki bai iya haɗiya ba. Da hantsin wata Talata ya mutu, kansa a cinyar mai shi. Ba a daɗe ba wani mai kifi ya zo daga Dagona ya ce garken gadu sun kwana biyu suna biki a gonar, abin da ya rage ko tsuntsu ba zai ƙoshi ba. Baba Ya'u ya saurara har ƙarshe, ya ce to, a aika Jakusko a gaya wa mijin Zainabu ya zo.

Ranar kasuwa surukin ya iso da jaki. Ya ɗora tsohon, suka biyo ta layinmu, Kyari yana tsakiyar wasansa, jama'a sun kewaye shi. Baba Ya'u ya ce a tsaya. Ya sa hannu a jakarsa ya fito da wani abu baƙi busasshe. Ashe kafin ya binne Duna ya datse ƙafar, ya rataye ta a ƙaya ta sha rana. Ya miƙa ta wajen da yake jin muryar.

"Malam Kyari, karɓi. Ja da ƙarfinka."

Kyari ya karɓa da bakin tsumma, ya ja. Tsirkiyar ta ƙandare jikin ƙashi kamar an zuba dalma.

Baba Ya'u ya ce, "Ka ji ko? Gaskiya ka faɗa. Yana mutuwa ya bushe, sai ta kama."

Ajimi ya sunkuyar da kai. Na ajiye wuƙa ina jira in ga yau ko kunya za ta kama mutumin nan sau ɗaya a rayuwarsa. Ya juya ƙafar, ya sake ja, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Jama'a, ku shaida, da bakinsa ya faɗa! Ku dubi aiki, ko gashi bai zame ba. Karen ne kwanansa ya ƙare, wannan kuwa ba hannuna ba ne."

An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, amma Kyari ba naɗe komai yake ba, har zuciyarsa ya yarda ya yi nasara. Abin da ya fi ƙona mini rai, sai ga mutane suna matsowa, wannan ya taɓa, wancan ya ja, suna gyaɗa kai suna cewa lallai ta kama. Surukin ya buga jaki suka wuce. Ni kuma daga ranar na cire rumfata na koma ƙarshen layi kusa da masu daddawa, na ce gara wannan warin.

Kyari ya sa wa ƙafar igiya ya rataye ta a bakin rumfarsa. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa, ga kare na farko da aka yi wa hudar ƙashi a ƙasar Bade. Ya yi ƙiba, ya ƙara maɓallai, ya ci gaba da ɗinke awakin mutane wani mahaucin yana ƙarasa su. Ko da Jerome ya zo ya ba da labarin suman a gaban kowa, an yi dariyar yini ɗaya, kasuwa ta gaba aka sake kewaye tabarmarsa. Ya mutu a kan gadonsa ana gab da fara maganar zaɓe, aka yi masa salla da jama'a mai yawa. Magadansa suka jefar da ƙafar a juji, ba su ma san ta wace dabba ba ce.

Baba Ya'u kuwa sau ɗaya na sake ganinsa. Na je Jakusko sayen shanu, na tambaya aka nuna mini gidan. Yana zaune a bakin zauren surukinsa, can gefe, inda baƙo ke zama. Idanun sun rufe gaba ɗaya. Ya gane muryata, muka gaisa, ya tambayi kasuwa, bai tambayi Kyari ba. Muna nan Zainabu ta aiko da tuwo. Bai taɓa ƙwaryar ba, ya kasa kunne sai da ya ji takun surukin ya shige cikin gida, sannan ya jawo ta a hankali ya yi bisimilla. Ya gutsuro lomar farko, ya sauke hannu gefen gwiwarsa. Hannun ya ɗan jima a wurin. Sannan ya dawo da lomar cikin ƙwarya, ya ce mini shi ya ƙoshi, in ci.